Ƙwayoyin Angona Suna Jin Yunwa

Talata, da hantsi

Wannan littafin na awon jini ne. Likita ya ce in riƙa rubuta abin da na'urar ta nuna safe da yamma. To likita ya yi haƙuri, yau abin da ya tayar da jinin zan rubuta.

Angona bai je aiki ba. Jikana ke nan, ɗan 'yata, wanda na goya da wannan bayan nawa har ya girma ya yi gemu, amma ko turare bai taɓa saya wa amaryarsa ba. Tun da ya fara karatun digirin nan na ƙarshe ban taɓa ganin hantsi ya same shi a gida ba. Ko ranar hutu ce sai ya ce bari ya leƙa 'ya'yansa na ɗakin gwaji ya dawo. Yau ga shi miƙe a kujerar falo, takalmi a ƙafa, ya kafa wa fanka ido.

Na ce, "Ango, korar ka aka yi, ko wata ce ta hana ka barci ban sani ba?"

Ya ce, "Tsohuwa, don Allah."

Tsohuwa. Ba Amarya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Talata, bayan la'asar

Katinsa na buɗe ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ya daina aiki. Ya manna, jar wuta. Ya goge a riga ya sake mannawa, jar wuta. Mai gadi ya ce masa umarni ne daga sama, sai kwamiti ya zauna. Uwarsa ce ta gaya mini wannan a kicin, tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Laraba, da safe

Bari in rubuta aikin nasa yadda na gane shi, saboda in kwamitin ya kira ni kada in tsaya kame-kame. Na san ba za su kira ni ba.

A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan ma'aikata, furotin ake ce musu. Wasu sun yi suna, malamai sun yi musu caa kamar ƙuda a kan mangwaro. Na Angona kuwa ba mai kula shi. Ko sunan kirki ba shi da shi, sai haruffa da lamba kamar motar haya. Ni na raɗa masa Maraya. Ba wanda ya san aikin da yake yi a jiki. Na taɓa tambayarsa, to ta yaya za a sani? Ya ce, "Amarya, in kina son sanin aikin mutum a gida, ɗaure shi wuni ɗaya ki ga abin da ya tsaya. In tsakar gida ta kwana da datti, to mai shara kika ɗaure." Saboda haka aikinsa shi ne neman sinadarin da zai sa wa Maraya takunkumi, shi kaɗai, ban da maƙwabtansa.

Ya kuwa samu ɗaya. Wani farin gari ne a 'yar kwalba, ya nuna mini hotonsa a waya, na ce wannan ai ko miya ba zai ɗanɗana ba. In aka narka shi aka ɗiga wa ƙwayoyin ciwon daji da suke rainowa a faranti, sai su daina yaɗuwa. Farfesansa ya yi murna, ya hau jirgi ya je ya faɗa a tarurruka, aka yi ta tafa masa.

Shi kuma ɗan banzan nan, maimakon ya karɓi tafi ya yi shiru, sai ya ce yana son ya tabbatar. Ya ɓata kusan shekara yana haɗa wasu ƙwayoyin da aka cire musu Maraya gaba ɗaya. Ya ɗiga musu garin. Su ma suka tsaya cak. To in babu kare a gida, ka kawo takunkumi, haushi ya tsaya, bakin wa ka ɗaure? Ke nan garin wani yake kamawa can daban, Maraya ba ruwansa.

Ya kai wa Farfesa. Farfesa ya ce a ajiye wannan gefe tukuna, takardar binciken ta kusa fita. Ranar da baƙin da suke ɗaukar nauyin aikin suka zo, aka ce kowa ya yi bayanin nasa, sai Angona ya miƙe ya faɗa.

Laraba, da azahar

Uwarsa ta ce wai akwai wanda ya zuga shi. Ta faɗa tana kallon labule. Ni dai ban san wa take nufi ba. Abin da na ce masa a kan abinci ana jibi taron, wasa ne, kowa a gidan nan ya san bakina.

Alhamis, da hantsi

Yanzu na gane abin da ya hana shi cin abinci. Ba katin ba ne, ƙwayoyin ne.

Suna cikin wani akwatin ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai, a faranti uku, suna kwance cikin wani ruwa mai launin hoda. Shi ne abincinsu. In sun cinye daɗinsa sai ya koma rawaya, sai a zuƙe a zuba sabo. In an bar su, su ruɓe. Na ce ba a daskarar da wasu a ajiye? Ya ce ana yi, amma nasa ba su yi yawan da za a raba ba, saura kaɗan ne aka rufe ƙofar. Su ne shaidarsa. In suka mutu, maganarsa ta zama ta fatar baki, ɗalibi da Farfesa, kowa ya san wanda za a gaskata. Kwamitin kuma ba a sa rana ba.

Na yi kiwon kaji, na yi rainon 'ya'ya, na yi na jikoki. Ban taɓa jin an kulle abu mai rai an ce mai ba shi abinci ya jira kwamiti ba. Ko ɓarawo aka kama ana miƙa masa ruwa.

Alhamis, da yamma

Doguwa ta canza musu ruwan. Abokiyar aikinsa ce, teburinsu ɗaya, ita ce ranar taron ta sunkuyar da kai kamar ta yar da allura. Na riga na gama da ita a raina, amma yau na ɗan sassauta. Ya ci burodi da shayi.

Juma'a, bayan la'asar

An manna takarda a jikin akwatin: kada wanda ya taɓa farantan nan sai kwamiti ya gani. Doguwa ta kira tana kuka. Na fizge wayar.

Na ce, "'Yar nan, takarda tana da ido ne?"

Ta ce, "Kaka, akwai kyamara a ɗakin. Saura mini 'yan watanni in gama. Babana ya sayar da—"

Na ce, "Tsawon nan naki duk na banza ne, ba ki iya tare kyamara da shi?"

Ta yi dariya cikin kuka, ta ce in yafe mata. Na ce na ji. Ban ce na yafe ba.

Asabar, da safe

Bai fito ba.

Asabar, da yamma

Uwarsa ta kawo shawara wai ya rubuta takardar ban haƙuri, ya ce kuskure ya yi wajen awo, a buɗe masa ƙofa ya gama karatunsa lafiya. Ta ce, "Mama, gaskiyar da za ta bar shi ba digiri ba aiki, wa za ta ciyar?" Na ce ni ban haifi matsoraciya ba, a asibiti aka canza mini ke. Ta ce, "Ke kin gama naki, shi yanzu ya fara." Ta ja ƙofa.

Ta iya magana, ban san inda ta gado ba.

Lahadi, da azahar

Na tambaye shi ta bakin ƙofa ko yanzu ruwan ya koma rawaya. Ya ce, "Ya fara." Ban ƙara tambaya ba.

Litinin, da yamma

Na je. Na ɗauki kujerar roba ta baranda, na hau tasi, direba yana ta mita wai kujera ma mutum ce. Ginin dogo ne, duk gilashi, ga wata bishiya a bakin ƙofa inda ɗalibai suke shan iska da fararen riguna a kafaɗa. Nan na kafa kujerata.

Mai gadi ya ce, "Baba, wa kike nema?"

Na ce, "'Ya'yan jikana ne a sama ba su ci abinci ba. Ba ni makulli in hau in ba su."

Ya ce ba a shiga. Na ce to ba a hana zama ba ko? Ya duba hagu ya duba dama, ya ce shi dai ba a ba shi umarni a kan kujera ba.

Zaman shiru ba nawa ba ne. Wasu 'yan mata suka gaishe ni, na ce ku zo in ba ku labari, na ga karatu ya busar muku da fuska. Na ba su na wani attajiri da kukan kura ya hana garinsu barci. Ya fita da duhu da igiya, ya dawo ya ce ya ɗaure bakin kura. Gari ya yi tsit, aka yi ta yi masa kirari, yana yawo gari gari yana ba da labarin yadda suka yi kokawa. Sai wani yaronsa ya leƙa bayan gida da fitila, ya dawo ya ce, ranka ya daɗe, akuyar maƙwabta ce. Attajiri ya ce a kulle yaron, a kuma hana akuyar ciyawa har ta mutu a binne, kada kowa ya ga ƙahonta.

Ban ambaci sunan kowa ba. Allah shaida ne.

Talata, da yamma

Yau sun fi na jiya yawa, har da maza, har da mai sayar da lemo ya matso da kekensa. Na ƙara wa labarin gishiri: na sa wa attajirin tabarau a goshi yana neman su a aljihu. Suka kwashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ashe haka Farfesa yake yi. Ni ban taɓa ganinsa ba, Angona ne ya taɓa kwaikwayonsa a falo.

Ina tashi na ji wani daga tagar bene ya yi kukan akuya.

Laraba, da safe

Ya ji. Doguwa ta gaya masa, mai tsawon banza.

Ya fito daga ɗaki, ido ja, ya ce, "Kin san abin da kika yi? Jiya Farfesa yana wucewa aka yi masa meee a baranda. Yanzu ko ya so ya sassauta ba zai iya ba. Kin kashe ni, kin huta."

Na ce, "Da kana kwance kana ƙirga fikafikan fanka, rai kake da shi?"

Ya ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin nan shi ya koya mini riƙe kwalba. Ba mugu ba ne."

Na ce, "To mutumin kirki ne yake kashe maka 'ya'ya da yunwa."

Ya ce kada in sake zuwa. Na ce to. Kujerar tana bayan ƙofa, na riga na kira mai tasi.

Laraba, bayan magariba

Farfesa ya sauko.

Na zaci zan ga ƙato mai tumbi. Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne, yana jan ƙafa ɗaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tabarau a goshi. Ɗalibai suka dare, amma ba su yi nisa ba, munafukai.

Ya gaishe ni da ladabi, wannan ya ƙara ba ni haushi. Ya ce, "Mama, jikanki yaro ne mai ƙoƙari, amma ya yi gaggawa. Garin da ya zuba ya yi yawa, ko dutse aka zuba wa haka sai ya tsaya. A gaban baƙi ba a nan ake gyara irin wannan ba."

Na ce ni ban san awo ba, abin da na sani mai gaskiya ba ya zaman jiran shaida ta mutu. Ya ce ka'ida ce. Na ce ka'idar uwar wa. Ya juya zai tafi, ni kuma na tsani a juya mini baya ina magana.

Sai na faɗi wata magana. A kan garin nasa ce, da ciwon, da gidansa, da wanda za a ba ya sha. Ba zan rubuta ta ba.

Ya tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Ya sauke tabarau daga goshi ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon su, sannan ya hau sama a hankali yana dafa ƙarfe.

Mai gadi ya rako ni da kujerar har titi. Ya ce, "Baba, ai ciwon ya riga ya shiga gidan. Matarsa. Bara."

Wane irin mai gadi ne wannan? Wuni nawa ina zaune kusa da shi, ya ba ni labarin basir ɗinsa, ya ba ni na surukarsa, amma wannan bai ga ya dace ya gaya mini ba. Ya kamata a kore shi.

Alhamis, da safe

Ban je ba. Ƙafata ce take ciwo.

Alhamis, da la'asar

Doguwa ta zo gidan da kanta, tana haki, ta buge goshi da ƙofar kicin. Ta ce da sassafe Farfesa ya shigo, ya yage takardar jikin akwatin, ya sa safar hannu. Rabon da a ga ya sa safar hannu tun kafin ta zo makarantar. Ya fito da farantan. Biyu sun yi rawaya sun yi kauri, ƙwayoyin sun ɗago suna yawo, sun tafi. Na ukun akwai 'yan tsiraru manne a gefe. Ya zuƙe ruwan ya zuba sabo. Ya ce in sun farfaɗo shi zai yi gwajin da kansa, daga awo kaɗan har mai yawa, kowa ya zo ya tsaya ya gani, a daina yi masa kukan dabbobi.

Angona ya tambaye ta, "Su nawa ne a gefen?" Ta ce ba yawa. Ya ce, "Kin ga ya ɗumama ruwan kafin ya zuba?" Ta ce ya ɗumama. Ya rufe fuska da hannu biyu.

Faranti biyu. Wata da watanni yaron nan yana fita ba karyawa saboda su. Wa zai biya wannan? Kwamiti?

Asabar, da hantsi

Suna nan. Doguwa ta turo hoto. Ni ban ga komai ba sai kamar tabon mai a ruwa, amma shi ya kai hoton har bakin hancinsa.

Har yanzu ba ya mini magana sai gaisuwa. Uwarsa ma haka. Ina zaune a gidan nan kamar kujerar baranda.

Talata, da azahar

Wai Farfesa har ranar hutu ya zo ya ba su ruwa. To sai me? Ni zan tafa masa? Wanda ya tura ka rijiya ya miƙo igiya.

Juma'a, da yamma

Sun cika farantin, an raba su, an daskarar da wasu. Yau Farfesa ya ɗiga garin.

Na ƙone shinkafa. Na ce gas ne.

Litinin, bayan la'asar

Sun tsaya. A awo mai yawa sun tsaya, a ɗan kaɗan ma sun tsaya, daidai yadda masu Maraya suke tsayawa. Doguwa ta ce ya duba a madubin ƙara girma ya sake dubawa, ya kira ta ta duba, sannan ya zauna a kan doguwar kujerar nan mara baya har aka fara fita cin abinci. Da ya tashi ya ce a gaya wa ofis su gyara katin yaron.

Ba "ka yi gaskiya", ba "yi haƙuri". A gyara kati.

Laraba, da yamma

Ya koma aiki. An janye takardar da za ta fita. Baƙin sun ce za su sake duba maganar tallafi, mutum biyu a ɗakin suna neman wani wurin, ba sa amsa gaisuwarsa. Digirin zai ƙara lokaci, kuma abin da zai rubuta a ciki shi ne garin nan ba na Maraya ba ne. Shekarun nan duka, abin da ya samo ke nan: ba shi ba ne.

Na ce, "Ango, yanzu duk wannan bala'in don ka ce ba ka samu komai ba?"

Ya ce, "Na samu. Yanzu ba wanda zai ɓata shekarunsa a kan hanyar nan. Kuma akwai wanda garin yake kamawa, ba mu san ko waye ba." Yana faɗa ido yana ƙyalli, kamar an ce masa ga mata. Wannan yaron ba zai yi hankali ba.

Na tambaye shi ko Farfesa yana masa magana. Ya ce ta takarda, a manne a jikin akwati. Sannan ya ce, "An gaya mini abin da kika ce masa." Na ce mutane da ƙari suke. Ya ce, "Doguwa ba ta ƙari."

Alhamis, da hantsi

Jinin ya hau. Ba saboda komai ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na je, ba kujera. Na tsaya a gindin bishiyar, ɗalibai suna ta "Kaka, labari!" na ce bakina yana ciwo. Mai gadi ya so ya yi mini surutu, na harare shi.

A tasi na shirya magana mai tsawo, da gabatarwa da karin magana biyu, har da wurin da zan nuna masa shi ma da laifinsa. Da ya fito da jakarsa yana jan ƙafar nan, duk ta zube.

Na ce, "Ashe an yi rashi. Ban sani ba. Allah ya jiƙanta."

Ya dube ni. Ya ce, "Amin." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Sun sha ruwa yau, Mama. Shi ya ba su."

Ya wuce wajen motarsa. Tsohuwa kamata tana tsaye a rana, ko ya ce zo in rage miki hanya. Mara kunya.